Ina Ɗan Ci-Rani Zai Ajiye Guminsa?

 Ga wata mas'ala wadda ta cancanci a zauna a dube ta da idon basira, watau mas'alar mutumin da ya bar garinsu ya tafi neman halali a ƙasar wani, Allah ya buɗa masa, sa'an nan ya rasa inda zai ajiye abin da ya samu. Samu wani abu ne, adanawa kuma wani abu ne dabam. Mutane da yawa sun iya na farko, na biyun ya gagare su, har su ka komo gida bayan shekara goma sha biyar da furfura a ka, hannu kuwa babu abin kirki.

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Fataken da su ke zuwa Gwanja sayen goro su kan damƙa dukiyarsu ga maigidan da ya sauke su a Salaga, shi ne bankinsu, shi ne shaidarsu. Alhazan ƙasa, masu ratsa Cadi da Sudan, su kan tsaya noman auduga a Jazira, su ɗinke abin da su ka tara cikin ɗamara su ci gaba da tafiya. Abin da ya sake a zamanin nan shi ne yawan dukiyar da nisan tafiyar. Yanzu akwai likitoci da masu jinya da malaman jami'a da ɗalibai 'yan Arewa a Landan da Mancesta da Birmingham, ga ma'aikata a Jidda da Riyad. Bisa ƙididdigar Bankin Duniya, kuɗin da mazauna waje su ke aikowa Nijeriya ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara. To, dukiya mai yawan haka ba a bar ta ga tsammani ba.

Yawancin masu neman asusun ajiya tambaya ɗaya su kan yi: nawa banki zai ƙara a kan kuɗin a ƙarshen shekara? Haƙiƙa wannan ita ce ƙaramar tambaya, kuma ita ta kamata ta zo ƙarshe. Akwai uku a gabanta. Ta fari, da wane irin kuɗi za a yi ajiyar? Ta biyu, wa ya lamunce ta in banki ya karye? Ta uku, wa ke da ikon taɓa ta, mai ita yana raye ko bayan ransa? Wanda ya amsa waɗannan ya gama mafi yawan aikin.

Mas'ala ta fari: irin kuɗin

Lokacin da aka fito da naira, ran 1 ga Janairu 1973, naira biyu ce fam guda, kuma a shekarar 1980 dalar Amurka ba ta wuce kwabo 55 ba. Dattawa da yawa har yanzu da wannan ƙima su ke tunawa da ita. Amma tun daga 1986 darajarta ta ke zubewa. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji. Dalar da ta ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 750, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 kuwa ta zarce 1,500. Tsadar kaya ta bi sawu, har hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024.

Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi wannan lissafi. A ce wani ya canza dala 10,000 a farkon daminar 2023, a farashin 'yan canji na naira 750, ya sami naira miliyan 7 da rabi. A ce banki ya ƙara masa kashi 15 cikin ɗari, kuɗin ya zama naira 8,625,000. Ya ga littafinsa ya yi kauri, ya yi murna. Bayan shekara ya so ya mai da su dala a farashin 1,500, sai ya tarar da dala 5,750 kaɗai. Lambar ta ƙaru, dukiyar ta ragu kusan rabi. Wanda ya bar dalarsa kwance, ba a ƙara masa ko anini ba, ya fi shi tsira.

Wannan shi ne dalilin da ya sa bai kamata a ruɗu da ganin Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamba 2024, alhali na Bankin Ingila bai wuce 5.25 ba a ƙololuwarsa ta 2023. Ba don karimci a ke ba da ƙari mai yawa ba. Ana ba da shi ne domin a rarrashi mutane su riƙe kuɗin da a ke tsoron zubewar darajarsa.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. A shekarar 2025 naira ta tsaya da ƙafarta a wajen 1,500, har ta ɗan farfaɗo, saboda haka wanda ya ajiye naira a wannan shekara ya ci riba ta gaske. Sai dai babu wanda ya san gaibu, kuma ma'aikacin asibiti ba ɗan canji ba ne da zai kwana yana sauraron kasuwa. Ƙa'ida mai sauƙi ta ishe shi: a ajiye kuɗi da irin kuɗin da za a kashe shi. Kuɗin hayar ɗaki a Mancesta da na tikitin jirgi da na sabunta takardar zama, fam ne, a bar su a fam. Kuɗin makarantar ƙannai a Zariya da na cefanen iyaye na wata shida masu zuwa, naira ce, a aika su a naira. Abin da ba a san ranar bukatarsa ba ya zauna a kuɗin da ya fi riƙe daraja, sai ranar ta zo a canza.

Mutanen Nijar nasu da ɗan sauƙi, gama sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Duk da haka su tuna da Janairu 1994, sa'ad da aka rage darajarta da rabi a dare ɗaya. Akwai kuma asusun kuɗin waje da bankunan Nijeriya ke buɗewa, inda a ke ajiye dala ko fam a gida. Yana da amfani, amma yana ƙarƙashin dokar da ta kan sake: a Agusta 2015 an hana zuba tsabar kuɗin waje a cikinsa, sai a Janairu 2016 aka janye hanin. Ya dace a sa wani abu a ciki, bai dace a sa duka ba.

Mas'ala ta biyu: lamuni

Banki gini ne mai kyaun gani, amma shi ma ya kan karye kamar kowane ɗan kasuwa. Ran 5 ga Yuli 1991 hukumomi su ka rufe bankin BCCI, wanda baƙi da yawa 'yan Asiya da Afirka mazauna Ingila su ka amince da shi domin yana jin harshensu, yana karɓarsu hannu bibbiyu. A lokacin, iyakar abin da dokar Ingila ta lamunce wa mai ajiya fam 15,000 ne. Sauran sai da aka shafe fiye da shekara 20 ana biya kaɗan kaɗan, waɗansu masu ajiyar har su ka riga mu gidan gaskiya ba su ga ƙarshen biyan ba.

Labarin Labanan ya fi wannan ban tausayi. Bankunan ƙasar sun daɗe suna jawo dalolin 'yan ƙasarsu mazauna waje, har da waɗanda ke ciniki a Kano da Abijan da Dakar, da alkawarin kuɗin ruwa mai tsoka. A Oktoba 2019 su ka rufe ƙofofi. Da su ka buɗe, sai su ka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa daga kuɗinsa na kansa. Kuɗin ƙasar, wanda ya ke 1,507 a dala tun 1997, ya zube har ya kusa 90,000. Mutanen nan son ƙasarsu da kwaɗayin ƙari su ka haɗu su ka kai su ga haka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka kafin mutum ya sa hannu a takarda, ya tambayi wace hukuma ce ta lamunce ajiyar, kuma har nawa. A Ingila hukumar FSCS ce; iyakarta fam 85,000 ce tun 2017, aka ɗaga ta zuwa fam 120,000 daga 1 ga Disamba 2025. A ƙasashen Tarayyar Turai yuro 100,000 ne, a Amurka dala 250,000. A Nijeriya hukumar NDIC ce, wadda aka kafa a 1988. A 2024 ta ɗaga lamuninta daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa. An jarraba wannan ba da jimawa ba, gama ran 3 ga Yuni 2024 aka soke lasin bankin Heritage. Masu miliyan 5 ko ƙasa da haka hukumar ta ɗauki nauyin biyansu duka. Waɗanda kuɗinsu ya haura sai jiran a sayar da kadarori a raba. In an yi lissafi da naira 2,000 a fam, miliyan 5 ɗin nan fam 2,500 ne kacal. Likitan da ya tara fam 30,000 ya zuba su a banki ɗaya a gida, kashi ɗaya cikin goma sha biyu kaɗai aka lamunce masa.

Akwai tarko uku a nan. Na ɗaya, lamunin Ingila bisa lasin banki a ke lissafa shi, ba bisa suna ba. HSBC da First Direct, alal misali, lasi ɗaya gare su, wanda ya raba kuɗinsa tsakaninsu bai raba kome ba. Na biyu, asusun da a ke tallata wa baƙi a tsibiran Jersey da Guernsey da Man ba ya ƙarƙashin lamunin Ingila, kowane tsibiri da nasa tsarin. Na uku, yawancin kamfanonin aika kuɗi ta wayar hannu ba bankuna ba ne. Doka ta sa su ware kuɗin jama'a wuri guda, amma FSCS ba ta lamunce su kamar banki ba. Hanya ce ta wucewa, ba rumbu ba.

Su kuwa masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, maganarsu ba ta bukatar tsawo. MMM ta tsayar da biya a Disamba 2016, CBEX ta rushe a Afrilu 2025, kowane karo jama'a su ka yi kuka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mas'ala ta uku: hannun da ke riƙe da mabuɗi

A nan ne maganar ta ke da ɗaci, amma dole a faɗe ta. Asusun da ɗan ci-rani ya fi amfani da shi ba a banki ya ke ba, a hannun ɗan'uwa ya ke. Ya kan aika wa wa ko ƙane ko aminin ƙuruciya, ya ce a ajiye masa, ko a saya masa fili, ko a fara masa gini. Ana nan sai rashin lafiya ta taso a gida, ko biki, ko bashi ya matsa wa mai riƙon, ya taɓa da niyyar mayarwa. Wanda ya taɓa sau ɗaya zai taɓa sau biyu. Ranar da mai dukiya ya sauka, a nuna masa tubali jeri uku a fili, dattawa su taru su ce a yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. A ƙarshe ba kuɗin ba zumuncin.

Masu riƙon nan yawancinsu ba macuta ba ne. An ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ne, gama ajiye wa mai yunwa tuwo jarrabawa ce, kuma wanda ya ajiye yana da nasa laifin. Mai son ɗan'uwansa ya ba shi kyauta a sarari, ya ce wannan naka ne. Ajiyarsa kuwa ya sa ta da sunansa. In tilas ta sa a bar wani abu a hannun wani, a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka babu kunya ga wanda ya nemi takarda ko da daga ɗan ɗakinsu ne.

A dā akwai uzuri, domin buɗe asusu a gida galibi sai mutum ya zo da ƙafarsa, musamman bayan da aka shigo da lambar BVN a 2014. Yanzu uzurin ya ragu. A Janairu 2025 Babban Banki ya ba da iznin asusu iri biyu domin 'yan Nijeriya mazauna waje, ɗaya na ajiya da aike, ɗaya na zuba jari, a Mayu 2025 kuma aka buɗe hanyar samun BVN daga nesa ta intanet. Wanda ke Birmingham yana iya mallakar asusu a gida da sunan kansa, ya riƙa ganin shiga da fita a wayarsa.

Asusun ƙasar baƙunci shi ma yana da nasa sharuɗɗa, tun da baƙo raɓa ne. A Saudiyya asusun baƙo yana rataye da takardar iƙama. In wa'adinta ya ƙare ba a sabunta ba, banki ya kan daskarar da shi. A Ingila akwai asusun ISA wanda ba a karɓar haraji a kan abin da ya haifar, amma wanda ya bar zama a ƙasar ba ya da ikon ƙara zuba kuɗi a ciki, ko da ya ke yana iya barinsa a buɗe. Waɗansu bankuna kuma ba su riƙe asusun wanda ba shi da adireshi a ƙasarsu. Mai hankali ya tambayi wannan tun ranar buɗewa, kada ya bari sai ya ɗaure kaya. Ya kuma kiyayi kulle dukan kuɗinsa a ajiyar wa'adi ta shekara uku ko biyar, alhali takardar zamansa ta shekara biyu ce. Ya san kuma cewa mazaunin Ingila, in ya wuce shekarunsa na farko, hukumar haraji tana da hakki a kan abin da ajiyarsa ta waje ta haifar. Ɓoyewa ba dabara ba ce, gama ƙasashe suna musayar labarin asusu a tsakaninsu.

Sa'an nan ga maganar da ba a son ji, watau mutuwa. Sunan da mutum ya rubuta a takardar banki a gurbin makusanci ba shi ne ke mai da wannan mutum magaji ba. Galibi banki ba ya sakin kuɗi mai yawa sai an kawo takardar kotu. Wanda ya rasu a Ingila bai bar wasiyya ba, mai yiwuwa dokar Ingila ce za ta raba abin da ya bari can, rabonta kuwa ya sha bamban da na fara'id. Asusun haɗin gwiwa galibi ya kan koma ga wanda ya rage a raye. Asusun da aka manta da shi kuma, bayan shekara 15 a Ingila, ko shekara 10 a Nijeriya, a kan kwashe kuɗinsa zuwa wata taska. Magada suna da ikon nema, amma ta yaya za su nemi abin da ba su san da shi ba? Lalle ne mutum ya rubuta sunayen bankunansa a takarda, ya sanar da matarsa ko wani amintacce inda ta ke, ba tare da ya ba kowa lambar sirri ba.

Mas'ala ta ƙarshe: abin da ajiya ke haifarwa

Sai yanzu aka iso ga tambayar da mutane ke farawa da ita. Musulmi da yawa, don gudun kuɗin ruwa, su kan bar dukiyarsu a asusun hada-hada wanda ba ya ƙara kome, ko su ɓoye ta a ɗaki. Niyyar kyakkyawa ce, amma tsadar kaya tana cin irin wannan ajiya kamar gara, zakka kuma tana fita ɗaya bisa arba'in kowace shekara in an kai nisabi. Na ɗaki kuwa, canjin takardun naira na farkon 2023 ya isa wa'azi. Akwai hanya ta uku. A Ingila akwai bankin Al Rayan, wanda aka kafa a 2004 da sunan Bankin Musulunci na Biritaniya, da bankin Gatehouse, dukansu a ƙarƙashin lamunin FSCS. A Nijeriya akwai Jaiz tun 2012, da TAJ tun 2019, da Lotus tun 2021. Waɗannan suna juya kuɗin mai ajiya cikin ciniki da haya bisa yarjejeniyar mudaraba ko wakilci, su faɗi ribar da su ke tsammani, ba wadda su ka yanke ba. Sai dai sunan addini ba ya ɗauke wa banki tambayoyi ukun da su ka gabata. A yi masa su kamar yadda a ke yi wa kowa.

Wani zai ce, ashe wannan magana ba ta hana dukiya zuwa gida ba, alhali ƙasa tana bukatarta? Amsa ita ce, ba a ce kada a aiko ba. Haƙƙin iyaye da na zumunci yana nan, kuma shi ne gaba. Abin da a ke cewa shi ne a bambanta aike da ajiya. Ko a wajen aiken ma a yi lura, domin Bankin Duniya ya nuna cewa aika dala 200 zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ya kan ci wajen kashi 8 cikin ɗari, ya fi na kowane yanki tsada. Wanda ya gwada farashin kamfani biyu ko uku, ya dubi canjin da su ke bayarwa tare da ladan da su ke karɓa, zai rage wannan asara. Ƙasa kuwa ta fi amfana da mutumin da ya komo da jarinsa cikakke ya kafa asibiti ko makaranta, bisa ga wanda ya komo yana neman a taimake shi.

Taƙaitawa ke nan: ɗan ci-rani ya kasa abin da ya tara kashi uku. Kashi na fari, abin da zai riƙe shi wata uku zuwa shida tare da kuɗin jirgi, a ƙasar da ya ke zaune, a asusun da zai iya cirewa ran da ya so. Kashi na biyu, na hidimar gida ta kusa, a naira ko sefa, a asusu mai sunansa. Kashi na uku, na gobe mai nisa, a kuɗi mai ƙarfi, a bankin da hukuma ta lamunce, kada ya haura iyakar lamunin a lasi ɗaya. Ya riƙa duba su sau ɗaya a shekara, domin doka ta kan sake, farashi ya kan sake.

Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Wanda ya jure sanyin Turai ko zafin Hijaz, ya yi aikin dare shekara da shekaru nesa da 'ya'yansa, bai kamata ya yi rowar yini guda ga tambayar inda guminsa zai kwana ba. Allah ya tsare dukiyar bayinsa, ya komo da matafiya gida lafiya. Tamat.